M.G. SMITH (1921–1993): RAYUWARSA DA GUDUMMAWARSA GA NAZARIN ZAMANTAKEWAR HAUSAWA

1.0 Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya ɗauki nazarin al'adun Hausawa da muhimmanci ba zai yi nisa ba sai ya ci karo da sunan M.G. Smith. Ko sarauta ake magana, ko sana'o'in gargajiya, ko roƙo da maroƙa, ko matsayin mace a gidan aure, da wuya a kammala bitar ayyukan magabata ba a ambace shi ba. Wannan babi zai kawo tarihin rayuwarsa, da ayyukan da ya bari, da cibiyoyi da ƙungiyoyin masana da suka ɗauki nauyinsa, da kuma sukar da aka yi masa. Daga ƙarshe za a dubi abin da malamin makaranta zai ɗauka daga rayuwar tasa, tare da kafa misali da ƙasar Rano da Kibiya a kudancin Jihar Kano.

Tun da farko ya kamata a kawar da wani ruɗani da ɗalibai kan faɗa ciki. M.G. Smith daban, Farfesa Abdullahi Smith daban. Na biyun masanin tarihi ne ɗan asalin Ingila wanda ya musulunta, ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello, ya kafa Gidan Arewa a Kaduna a 1970, ya rasu a 1984. Wanda ake magana a kansa a nan kuwa masanin zamantakewar al'umma ne, mutumin ƙasar Jamaika.

2.0 Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Michael Garfield Smith ranar 18 ga Agusta, 1921 a birnin Kingston na tsibirin Jamaika, wanda a lokacin yake ƙarƙashin mulkin Ingila. Akasarin mutanen tsibirin jikokin bayin da aka kwaso daga Afirka ta Yamma ne, kuma a zamanin ƙuruciyarsa launin fata da asali su ne ke yanke wa mutum matsayinsa a cikin jama'a. Wannan yanayi da ya buɗe ido a cikinsa shi ya dasa masa tambayar da ya rayu yana bibiya, wato yadda jama'a mabambanta asali da al'ada suke zama ƙarƙashin hukuma ɗaya, da wanda ke riƙe da iko a tsakaninsu.

Ya yi karatun sakandare a Kwalejin Jamaika, inda ya ƙulla abota da Michael Manley, wanda daga baya ya zama Firayim Ministan ƙasar. A wancan lokaci adabi ne ya fi jan hankalinsa, har ya yi suna a matsayin matashin mawaƙi mai rubuta waƙoƙi da Ingilishi. Hazaƙarsa ta sa ya ci tallafin karatu na gwamnati, ya tafi Jami'ar McGill ta ƙasar Kanada a 1941. Bai daɗe a can ba ya ajiye karatu ya shiga rundunar sojan Kanada, aka kai shi fagen daga a Turai lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.

Da yaƙi ya ƙare a 1945 sai ya zauna a Landan, ya fara karatun lauya, sannan ya sauya sheƙa zuwa fannin nazarin ɗan'adam da al'adunsa a Kwalejin Jami'a ta Landan. A nan ya haɗu da malaminsa Farfesa Daryll Forde, wanda ya taɓa yin bincike a kudu maso gabashin Nijeriya. Shi ne ya karkata hankalin ɗalibin nasa zuwa Afirka ta Yamma. A wannan tsakani ne kuma ya auri Mary, wadda ta zama abokiyar aikinsa har ƙarshen rayuwarsa.

3.0 Zuwansa Ƙasar Zazzau

A 1949 Smith da matarsa suka iso Lardin Zazzau, suka zauna har zuwa 1950. Hukumar binciken zamantakewa ta ƙasashen da Ingila ke mallaka, wadda aka kafa a 1944, ita ta ba shi kuɗin aikin. Hanyar da ya bi ita ce wadda masana wannan fanni suka yarda da ita: mai bincike ya koyi harshen mutane, ya zauna tare da su, ya ga abu da idonsa, ya tambaya, ya rubuta, sannan ya gwada maganar wannan da ta wancan kafin ya yanke hukunci. Ya bi magidanta gida gida yana lissafin abin da suka noma, da abin da suka saya, da abin da suka kashe a biki da suna da haraji. Ya zauna da masu sarauta da dattawa yana karɓar jerin sunayen waɗanda suka riƙe kowace sarauta. Haka kuma ya leƙa kudancin lardin, ya yi nazarin Kagoro da Kadara, musamman tsarin aurensu. Da wannan aiki ya sami digirinsa na uku a 1951.

3.1 Labarin Baba

Akwai ƙofar da ta gagari Smith, wato ƙofar cikin gida, domin baƙo namiji iyakarsa zaure. Mary ce ta cike wannan giɓi. A garin Giwa ta shaƙu da wata tsohuwa ungozoma mai suna Baba, wadda aka haifa wajen 1877 a ƙauyen Karo kusa da Zarewa, a kudu maso yammacin ƙasar Kano. Tsakanin ƙarshen 1949 da farkon 1950 Baba ta yi ta ba ta labarin rayuwarta da Hausa, ita kuwa tana rubutawa kalma bayan kalma. Labarin ya ƙunshi zaman rinji da bayi, da harin mahara, da fansar waɗanda aka kama, da aure da saki, da kishi, da ƙawance, da tallafin 'ya'ya, da bori, da zuwan Turawa kamar yadda matan karkara suka gan shi.

An buga fassarar Ingilishi a 1954 da sunan Baba of Karo, Smith ya rubuta mata doguwar gabatarwa da sharhi. Baba ba ta ga littafin ba, domin ta rasu a 1951. Da a ce an yi jinkirin shekara biyu kacal, da duk abin da ke kanta ya bi ta kabari. Wannan littafi yana cikin tarihin rayuwar matan Afirka na farko-farko da aka rubuta daga bakin mai rayuwar, kuma har yau ana karanta shi a jami'o'in duniya.

4.0 Rubuce-rubucensa a Kan Hausawa

Bayan ya kammala digiri, Smith ya koma Jamaika a 1952, ya kama aiki a cibiyar binciken zamantakewa da tattalin arziki ta Kwalejin Jami'ar Yammacin Indiya. Duk da haka bai rabu da ƙasar Hausa ba. A 1958 ya dawo Nijeriya ƙarƙashin cibiyar binciken zamantakewa da tattalin arziki da ke Ibadan, ya zagaya Kano da Katsina da Daura da Sakkwato, ya tsallaka Maraɗi a Nijar, yana tattara tarihin sarauta. Ana iya kasa ayyukansa a kan Hausawa gida uku.

4.1 Sana'a da Matsayi

Littafinsa na 1955 mai suna The Economy of Hausa Communities of Zaria ya bayyana tattalin arzikin Hausawan Zazzau: gandu da gayauna, noma da sana'ar rani, kasuwa da fatauci. A wata maƙala ta 1959 kuma ya yi bayanin yadda Hausawa suke auna darajar mutum. Ya nuna cewa sana'a babbar ma'auni ce, inda masu sarauta da malamai da attajirai suke sama, mahauta da makaɗa da maroƙa suke ƙasa. Ya kuma rarrabe sana'ar gado da ta haye, wadda wasu ke kira shigege, ya nuna yadda ake fifita mai gado. Bugu da ƙari ya lura cewa ma'aunin darajar mata ya sha bamban da na maza, domin a tsakaninsu shekaru da aure da haihuwa sun fi tasiri.

4.2 Roƙo da Maroƙa

Ga ɗalibin adabin baka, maƙalarsa ta 1957 a kan roƙo ita ce mafi kusa. A ciki ya nuna cewa aikin maroƙi ya wuce neman abin kai wa bakin salati. Idan maroƙi ya wasa basarake ko attajiri, yana shelanta asalinsa da matsayinsa ne a gaban jama'a, yana kuma tuna masa abin da ake jira daga mai irin wannan matsayi, wato kyauta da karamci. Wanda ya hana kuwa, zambo na jiransa. Ta haka roƙo ya zama wata hanya da al'umma ke tsare ƙa'idojinta. Masu nazarin waƙoƙin fada da suka biyo baya sun amfana da wannan fahimta ƙwarai.

4.3 Sarauta

A nan ne Smith ya fi zurfafawa. Littafinsa Government in Zazzau, wanda ya fito a 1960, ya bi tsarin mulkin Zazzau daga 1800 zuwa 1950. Domin gano yadda tsarin yake kafin jihadi, sai ya dubi masarautar Abuja, wadda yanzu ake kira Suleja, inda zuriyar Sarkin Zazzau Makau suka koma da sarautunsu. Ya jingina a kan tarihin Abuja da Malam Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi suka rubuta. Daga nan ya gwada wannan tsari da na Zariya bayan jihadi, inda gidaje huɗu suke takarar gadon sarauta: Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa. Sannan ya dubi sauyin da Turawa suka kawo.

Babban ra'in littafin shi ne cewa mulki yana da fuska biyu. Akwai siyasa, wato gwagwarmayar da ake yi a kan wanda zai hau da abin da za a zartar. Akwai kuma gudanarwa, wato bin umurni daga sarki zuwa hakimi, zuwa dagaci, zuwa mai unguwa. Smith ya yi ƙoƙarin nuna cewa idan ɗayan ya sauya, tilas ɗayan ya motsa, kuma sauyin yana bin wani tsari da ake iya ganowa.

A 1967 ya fitar da nazari a kan Maraɗi a zamanin Sarki Ɗan Baskore. A 1978 ya fitar da The Affairs of Daura, wanda ya bi labarin Daura da Zango da Ɓaure daga 1800 zuwa 1958. Mafi girman littattafansa kuwa, Government in Kano, wanda ya ɗauko tarihin mulkin Kano daga 1350 zuwa 1950, bai fito ba sai a 1997, shekara huɗu bayan rasuwarsa.

5.0 Cibiyoyi da Ƙungiyoyin da Suka Tallafa Masa

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Duk hazaƙar Smith, aikinsa ya tsaya ne a kan ginshiƙai huɗu: mai ba da kuɗin bincike, da cibiyar da za ta ba shi masauki, da ƙungiyar masana da za ta tace aikin, da mujalla ko maɗaba'ar da za ta yaɗa shi. An riga an ambaci hukumar da ta kawo shi Zazzau da cibiyar Ibadan, wadda aka fi sani da NISER. Ta fuskar yaɗawa kuwa, Cibiyar Nazarin Afirka ta Duniya da aka kafa a Landan a 1926 ita ce ta ɗauki nauyin buga littafinsa na Zazzau, kuma a mujallarta mai suna Africa, wadda ta fara fitowa a 1928, aka buga maƙalunsa na roƙo da na matsayi. Malaminsa Forde ne shugaban cibiyar a waɗannan shekaru.

A shekarar da Smith ya sauka Zazzau, wato 1949, aka kafa Ƙungiyar Masana Zamantakewa ta Duniya da taimakon hukumar UNESCO. Ba ta yi babban taronta a nahiyar Afirka ba sai a 2006, a birnin Durban na Afirka ta Kudu. Wannan tazara kaɗai ta isa ta nuna inda akalar fannin ta daɗe. Bayan samun 'yancin kai ne masanan Afirka suka kafa nasu. A Nijeriya an sami ƙungiyar masana zamantakewa da nazarin ɗan'adam ta ƙasa, wadda aka fi sani da NASA, a farkon shekarun 1970. A Dakar ta Senegal kuma an kafa majalisar bunƙasa binciken zamantakewa a Afirka, wato CODESRIA, a 1973. Amfanin irin waɗannan ƙungiyoyi shi ne tarukan ƙara wa juna sani, da mujallu, da horar da matasa, da tsare ladubban bincike.

Dangane da kayan aiki, ɗalibin yau ya fi Smith gata. Akwai Ma'adanar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, inda ake ajiye rahotannin razdanoni da di'o'i a kan gundumomi. Akwai Gidan Arewa, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, da Gidan Makama, da ɗakunan karatu na Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello da ta Usmanu Ɗanfodiyo, waɗanda ke ɗauke da kundayen digiri masu yawa da aka rubuta da Hausa. Yawancin tsofaffin maƙalu kuma ana samun su ta intanet.

6.0 Sukar da Aka Yi Masa

Ba a bar ayyukan Smith haka nan ba. Wanda ya fi yi masa suka mai ƙarfi shi ne Dokta Yusufu Bala Usman na Jami'ar Ahmadu Bello, marubucin The Transformation of Katsina na 1981. Hujjarsa ita ce Smith ya ɗauki Haɓe da Fulani tamkar ƙabilu biyu masu tsayayyar iyaka, ya fassara jihadi da abin da ya biyo baya a matsayin rinjayen wata ƙabila a kan wata. A ganin Bala Usman wannan rabo ya ɓoye abubuwan da suka fi muhimmanci, kamar auratayya da ƙaura da sana'a da zaman birni da karkara, waɗanda suka cuɗanya jama'a tun da daɗewa. Wasu kuma sun lura cewa yawancin masu ba shi labari mutanen fada ne, saboda haka muryar talaka ba ta fito sosai a littattafan sarautar ba. Haka nan ba a manta cewa kuɗin bincikensa na farko daga aljihun masu mulkin mallaka ya fito ba.

Wannan suka tana da tushe, kuma wajibi ne ɗalibi ya san da ita. Sai dai ko masu sukar sun ci gaba da amfani da bayanan da ya tattara, domin ya ji su daga bakin dattawan da suka ga zamanin kafin Turawa da idonsu, waɗanda babu ko ɗayansu a raye yanzu. Hanyar da ta dace ita ce a karɓi bayanansa a auna su da wasu majiyoyi, a kuma yi hattara da fassarar da ya yi musu.

7.0 Ƙarshen Rayuwarsa

Daga 1961 zuwa 1969 Smith ya koyar a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles a Amurka. A wannan lokaci ya shahara da ra'insa na al'umma mai jama'a daban-daban, wanda ya bayyana a littafinsa na 1965 a kan tsibiran Karibiyan, ra'in da ya jawo muhawara mai zafi. A 1969 ya gaji kujerar malaminsa Forde a Landan. A shekarun 1970 ya zama mai ba abokinsa Firayim Minista Manley shawara a kan harkokin jama'a, ƙasarsa kuma ta ba shi ɗaya daga manyan lambobinta na girmamawa. Daga 1978 zuwa 1986 ya koyar a Jami'ar Yale, inda ya yi ritaya. Ya rasu a Ingila ranar 5 ga Janairu, 1993, yana da shekara 71.

8.0 Darasi ga Malamin Gobe: Misalin Rano da Kibiya

Smith ya dubi ƙasar Kano ne daga fadar birni, saboda haka garuruwan da ke nesa da ganuwa sukan shigo labarin ne ta fuskar dangantakarsu da Sarkin Kano. Rano misali ce. Tana cikin Hausa Bakwai, ana yi mata kirari da Autan Bawo, kuma a labarin Bayajida ita da Kano ne sarakunan baba, wato masu rini. Tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa Sarki Yaji, wanda da zamaninsa Smith ya buɗe littafinsa, ya yaƙi Sarkin Rano. A wannan yanki ne Sarkin Kano Alwali ya nemi mafaka lokacin jihadi, aka kashe shi a Burum-Burum wajen 1807. A rabin ƙarshe na ƙarni na 19 kuma kudancin Kano ya sha fama da harin Ningawa. Gina madatsar ruwa ta Tiga a farkon shekarun 1970 ya kawo noman rani, ya sauya rayuwar ƙauyuka da dama. A 2019 aka ɗaga Rano zuwa masarauta mai daraja ta ɗaya, a 2024 aka rushe wannan tsari, sannan a cikin shekarar aka mayar da ita mai daraja ta biyu, ta ƙunshi ƙananan hukumomin Rano da Kibiya da Bunkure.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa fage ne na bincike. Malamin da aka tura firamare a Rurum ko Tarai ko cikin garin Kibiya yana da abin da Smith ya sha wahala kafin ya samu, wato harshe da amincewar jama'a. Yana iya rubuta jerin dagatan garin da sarautun sana'a kamar Sarkin Noma da Sarkin Maƙera da Sarkin Pawa. Yana iya bin diddigin unguwanni da asalin sunayensu, da inda marina take a da, da yadda gandu ke watsewa. Malama kuwa ita ce mai shiga inda namiji ba ya shiga, kamar yadda Mary ta yi. Sharuɗɗan aikin su ne a nemi izinin mai magana, a rubuta rana da wuri, a ɗauki maganar yadda aka faɗe ta, a gwada ta da ta wani, a kuma kai kofi wurin da za a adana. Wayar hannu ta isa ɗaukar murya. Abin da ba ya jira shi ne ran dattijo, kamar yadda labarin Baba ya nuna.

9.0 Kammalawa

A wannan babi an ga yadda wani mutumin Jamaika ya bar waƙa da aikin soja ya zama ɗaya daga cikin manyan masu nazarin zamantakewar Hausawa. An ga ayyukansa a kan sana'a da roƙo da sarauta, da rawar da matarsa ta taka, da cibiyoyin da suka riƙe shi, da kurakuran da masana na gida suka nuna masa. Ya rubuta abin da ya samu gwargwadon fahimtarsa ta baƙo. Gyara abin da ya karkace da cike abin da ya bari, musamman tarihin ƙananan garuruwa da na mata da na talakawa, nauyi ne da ya rataya a wuyan 'yan gida, kuma malaman makaranta suna sahun gaba.

Tambayoyin Bita

1. Bambanta tsakanin M.G. Smith da Abdullahi Smith.
2. Yi bayanin aikin roƙo a cikin al'ummar Hausawa kamar yadda Smith ya fahimce shi.
3. Wace hujja Yusufu Bala Usman ya kafa wajen sukar Smith? Mene ne ra'ayinka?
4. Kawo ƙungiyoyi biyu da ma'adanai uku da mai nazarin zamantakewa zai amfana da su.
5. Zaɓi dattijo ko dattijuwa a garinku, ka tsara tambayoyi 10 da za ka yi masa ko mata a kan wata sana'ar gado.